Mai keke a Gusau: wane hannu ne naka?

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kekunan da suka shekara jingine a zaure suka dawo titi. Sai kuma gardama ta kaure: wai mai keke ya fi tsira in ya bi hannun da motoci ke tahowa, yana kallonsu ido da ido.

Birki, iskar taya, ƙararrawa, waɗannan kowa ya sani, mu wuce. Sai dai a tattare bakin riga. Ni sarƙa ta taɓa kama tawa a ƙofar gidan surukai, kar ku tambaye ni sauran labarin.

Ga inda aka samo ruɗanin. Mai tafiya a ƙasa ne ake cewa ya fuskanci motoci in babu gefen da aka ware masa. Keke kuwa abin hawa ne, kuma tun 1972 da Najeriya ta koma tuƙin hannun dama, dama ɗin nan ce tasa.

Yanzu ku ƙaddara ga wani direba. Daga lungu ya fito, zai hau babban titi ya yi dama. Ina yake kallo? Hagu. Ta can motoci ke zuwa, ta can kaɗai yake jin tsoro. Da ya ga sarari sai ya taka mai. To ga ɗan'uwanmu mai keke can ya taho ta damarsa, inda wuyan direban bai waiga ba ko sau ɗaya.  Kun gani? Shi ya ga motar sarai, motar ce ba ta san da shi ba.

Ga kuma ɗan lissafi. A ce mota na gudun kilomita 50 a awa, kai kana 15. In hanyarku ɗaya, da 35 take cim maka, direba na da lokacin kaucewa. In gaba da gaba ne, 65 ke nan. Ganin da kake taƙama da shi, me zai tsinana maka a ƙiftawar ido, ga kwata a gefe, ga mai kabu-kabu ya matso?

Na san abin da ke ran mutane, tsoron abin da ke bayansu. Madubi ɗan ƙarami a kan kan keke ya isa, da jar fitila a baya in magariba ta yi. Za ka juya, miƙa hannu tun da wuri. Kada kuma ka kutsa tsakanin tirela da bakin titi, direbanta bai ganin nan.

Ku ɗauki shataletalen Lalan na nan Gusau, da la'asar sakaliya. Keke Napep, tifa, babura, kowa na sauri. Ni dai a nan sauka nake yi in tura kekena har in haye, masu dariya su yi ta yi.