Harafi ɗaya ya tsayar da aiki

Hajiya: Barkanmu da war haka daga Garwa. Malam, musun da ake ta yi ke nan tun makon jiya: in jerin haruffan DNA yana cikin GenBank, rumbun intanet da masana ke ajiye irin waɗannan jeri, ai babu kuskure, magana ta ƙare, ko?

Malam: Ina! GenBank kasuwa ce, Hajiya, kowa ya kawo hajarsa a karɓa. A wani rumbun, RefSeq, ake tankaɗe da rairaya. A 2020 an gano jeri sama da miliyan 2 a GenBank da DNA na wata halitta ya gurɓata. Mai karatu kawai zai iya tsallake kuskure, amma mai ƙera DNA shi zai haɗa jerin da hannunsa. Dubi mutanen masanin Amurka Craig Venter a 2010: harafi miliyan 1 da 'yan kai suka harhaɗa na DNA ɗin ƙwayar bakteriya Mycoplasma, ɗaya tak ya ɓace a ƙwayar gado dnaA, ƙwayar ta ƙi rayuwa, aiki ya tsaya makonni.

Auta: Yaya, ai gara wannan da ta'asar manhajar Excel. Ka rubuta sunan ƙwayar gado SEPT2, ya mayar maka 2 ga Satumba.

Hajiya: Ana shirin dashen muskuwari, dawar rani, ke nan!

Auta: Har sai da aka sake masa suna, SEPTIN2.

Hajiya: Wato magatakarda ya kasa rubutu, sai aka sake wa yaro suna. An yanka rago kuwa?

Auta: Raguna dai, MARCH1 da ke komawa 1 ga Maris ma an sake masa.

Malam: Ku bar ragon nan, ku riƙe muskuwarin. Jerin DNA na dawa da ake dogaro da shi na wani irin dawar Amurka ne, BTx623, an fitar da shi a 2009. A CRISPR, dabarar yanka DNA a gyara, jagoran da ke nuna wurin yanka harafi 20 ne, sai haruffa uku, NGG, su biyo baya a jikin DNA ɗin. In dawar Marwa ta saɓa da harafi ɗaya kusa da NGG ɗin, Cas9, almakashin CRISPR, na iya ƙin yanka, a yi ta zargin sinadari alhali taswirar ce ta wani gari. Don haka kafin a yi odar komai, a ninka wurin da PCR, dabarar kwafar DNA, daga ganyen da za a yi aiki da shi, a karanta haruffan da dabarar Sanger ta kai da ta gindi. A kuma rubuta lambar da rumbun ya ba jerin har da abin da ke bayan ɗigo, don .1 da .2 ba ɗaya ba ne.

Hajiya: Saura Swiss-Prot, rumbun jerin furotin, da muka yi alkawari.

Auta: Hajiya, batir ya yi ja.

Hajiya: To, sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.