Feshin Taki a Ganyen Adas: Dalilinsa, Lokacinsa da Ma'auninsa

Adas ƙwaya ce ƙarama mai faɗi, 'yar uwar wake, wadda sunanta ya zo a aya ta 61 ta Suratul Baƙara, kuma Hausawan Sudan sun san miyarta a lokacin buɗa-baki. Kanada da Indiya suna cikin ƙasashen da ke kan gaba wajen nomanta, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin busasshiyar ƙwayarta furotin ne.

A arewaci da gabashin Indiya, da Nepal da Bangaladesh, ana shuka adas daga Oktoba zuwa Nuwamba, galibi bayan an girbe shinkafa, ta yadda za ta rayu da ragowar laimar da damina ta bari a ƙasa. A nan matsalar take. Lokacin da shukar za ta fara fure, saman ƙasa ya riga ya bushe, kuma saiwa ba ta iya jan sinadari daga busasshiyar ƙasa ko da an barbaɗa mata taki. Ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwar, waɗanda ke tara mata naitirojin daga iska, su ma suna raunana idan kwanso ya fara cika, sai shukar ta koma tana zare abinci daga tsofaffin ganyenta tana tura wa ƙwaya, ganyen ya yi rawaya tun lokacinsa bai yi ba.

Shi ya sa ake narka taki a ruwa a fesa a ganye. Ma'aunin da aka fi amfani da shi na yuriya shi ne kashi 2 cikin 100, wato giram 20 a kowace lita, ana fesawa da fara fure, a maimaita idan kwanso ya fito.

Zink, wani sinadari da shuka ke buƙata ɗan kaɗan, shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. A ƙasa mai yawan alli, zink da sinadarin ƙarfe suna ɗaurewa ta yadda saiwa ba ta samunsu, amma idan aka fesa zink salfet, giram 5 a lita, yana shiga ta fatar ganye, wani kaso kuma ya isa cikin ƙwayar. Ga injin feshi na goyo mai lita 16, giram 80 ke nan. Amfanin ya wuce cika buhu, domin iyalin da ba sa samun nama a kai a kai, a kwanon adas yaransu ke samun zink ɗin da girman jiki ke buƙata, kuma a ganina wannan kaɗai ya isa dalilin ɗaukar injin feshi.

Boron, shi ma wani sinadari ne da shuka ke buƙata ɗan kaɗan, yana taimaka wa fure ya kama, sai dai tazarar da ke tsakanin ƙarancinsa da gubarsa ƙanƙanuwa ce, don haka kada a zuba shi da ƙiyasi.

A yi feshin da sassafe bayan raɓa ta ɗauke, ko da yamma lis, domin a tsakar rana ruwan yana bushewa kafin ganye ya sha, gishirin takin da ya rage kuma ya ƙona bakin ganyen. Takin fosfeit da ake sawa a ƙasa ranar shuka yana nan a matsayinsa, domin abin da ganye ke iya sha a feshi ɗaya kaɗan ne.