Darasi: Abin Yi Idan Takarda Ta Ƙi Buɗewa a Burauza

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake saduwa. Yau za mu duba matsalar takardar da ake latsa mahaɗinta a intanet, musamman ta PDF, amma maimakon ta buɗe sai a ga shafi fari fat, ko kuma wata 'yar alama tana ta juyawa ba ta tsayawa.

Mutane da yawa suna ganin haka sai su goge burauzar su sake ɗora ta, kuma a ganina wannan gaggawa ce, domin sau da dama laifin ba nata ba ne. Kafin ku taɓa komai, ku latsa mahaɗin da maɓallin dama na linzami, ku ajiye takardar a kwamfuta, sannan ku duba girmanta. Idan kun ga sifili, ko 'yan kilobait kaɗan alhali littafi ne mai shafuka masu yawa, to ko dai saukewar ta yanke a hanya, ko kuma abin da ya sauko ba takardar ba ce tun asali. Ga yadda za ku tabbatar: ku buɗe fayil ɗin da Notepad, manhajar rubutu ta Windows, ku duba layin farko kawai, kada sauran rubutun da ya cakuɗe ya dame ku. PDF na gaske yana farawa ne da %PDF. Idan kuka tarar da kalmar html a wurin, shafin ya turo muku sanarwar kuskure ne ko wurin shigar da kalmar sirri, ya laƙaba masa sunan takardar.

Idan shafin ya nuna muku lambar kuskure, 404 tana nufin babu takardar a wannan adireshin, 403 kuma tana nufin ba a ba ku izinin ganinta ba, kuma duka biyun galibi masu shafin ne za su iya gyarawa.

To, idan takardar ta buɗe lafiya lau a kwamfuta, yanzu ne za mu koma kan burauza. Kamfanin Adobe ne ya fito da tsarin PDF a 1993, kuma shekaru da dama sai an haɗa wa burauza wata manhaja daga waje kafin ta iya nuna shi. Yanzu Chrome da Edge suna da makarancinsu a ciki, Firefox ma haka tun 2013, saboda haka duk shawarar da ta ce ku nemo wancan tsohon haɗin ta riga ta tsufa. Ku fara danna Ctrl da Shift da R tare, domin burauza ta watsar da kwafin da ta adana, wanda wataƙila rabi ne, ta ɗauko sabo. Idan ba ta yi ba, ku buɗe tagar sirri da Ctrl, Shift da N, ko Ctrl, Shift da P a Firefox. A wannan tagar ƙananan manhajojin da kuka liƙa wa burauza, kamar masu toshe talla, galibi a kashe suke, don haka idan takardar ta fito a can, ɗaya daga cikinsu ce take tare ta, sai ku riƙa kashe su ɗaya bayan ɗaya har ku gano ta. Ku leƙa kuma ƙarshen layin adireshi, domin wasu shafukan a sabuwar taga suke buɗe takarda, burauza kuwa takan toshe tagar ta bar wata ƙaramar alama da ido bai cika kai wa gare ta ba.

Akwai wani nau'in da yake wahalar da mutane ƙwarai, wato fom ɗin cikewa da aka gina da tsarin XFA, irin wanda wasu hukumomi suke amfani da shi. Chrome ba ya nuna shi, sai dai shafi guda mai cewa a ɗan jira, kuma ko za ku kwana kuna jira ba zai sauya ba. Maganinsa shi ne a sauke shi a buɗe da Adobe Acrobat Reader a kwamfuta, ba a waya ba.

Takardun Word da Excel kuwa, burauza ba ta karanta su da kanta, shi ya sa galibi take sauke su kai tsaye, kuma wannan ba lalacewa ba ce. Ku buɗe su da Word, ko LibreOffice wanda kyauta ne, ko ku ɗora su a Google Drive. Sai dai idan baƙon saƙo ne ya kawo takardar, kuma sunanta ya ƙare da exe, kada ku buɗe ta ko kaɗan.

Sai mun haɗu a darasi na gaba.