Kumburin Ido: Na Fata Ne Ko Na Cikin Kwarmi?

Ka taɓa ƙashin da ke kewaye da idonka. Wannan shi ne bakin kwarmin ido, rami ne da ƙasusuwa 7 suka haɗu suka gina. A cikinsa ƙwayar ido take zaune, tare da tsokoki 6 masu juya ta, da kitse, da jijiyar gani da ta wuce zuwa ƙwaƙwalwa. Wuri ne matsattse, kuma ƙashi ba ya miƙewa. In abu ya kumbura a ciki, sai dai ya turo ido waje ko ya danne jijiyar.

Akwai wata 'yar tantani da ta raba fatar ido da cikin kwarmin. In ƙwayar cuta ta shiga amma ta tsaya a gaban tantanin, fatar ta yi ja ta kumbura, amma ido na juyawa lafiya, gani bai taɓu ba. Sau da yawa maganin sha ya wadatar.

In ta ƙetare tantanin nan, zance ya canza. An fi ganin haka a yara, kuma yawanci daga hanci take farowa. Ƙashin da ke tsakanin kogon hanci da kwarmin ido siriri ne kamar takarda, don haka mura da ta ruɓe a kogon tana iya ɓullowa ta nan. Sai zazzaɓi, ido ya fito, yaro ya ƙi kallon gefe saboda zafi, ko ya ce yana ganin abu biyu-biyu.

Wannan ba ciwon ɗiga magani a jira gobe ba ne. Kwanciya asibiti ce: hoton siti sikan (na'urar ɗaukar hoton cikin jiki), allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiyar jini, in mugunya ta taru a yi tiyata a fitar. Jinkiri kan jawo makanta ko sanƙarau.

Ba kowane kumburi ne na ƙwayar cuta ba fa. A manya, abin da ya fi turo ido waje shi ne ciwon tayirod (wata halitta a maƙogwaro mai samar da sinadaran jiki), inda garkuwar jiki ke afka wa tsokokin ido, kuma shan taba na ƙara ta'azzara shi. Irin wannan akan kwantar da shi da sitiroyid, maganin rage kumburi. Amma maganin nan, in aka ba mai ciwon suga da cutar fangas (dangin fumfuna) ta kama, ƙara rura ta yake yi, kamar yadda aka gani a Indiya a 2021 lokacin korona. Shi ya sa likita ke neman sanin musabbabi kafin ya rubuta magani.