Laimar Kwaɗi: Tono Gindinta Kafin Ka Jefa a Kwando

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Darasinmu na yau a kan laimar kwaɗi ne, wadda wasu ke ce wa naman kaza, irin wadda ke tsirowa da kanta a daji bayan an kwana biyu ana ruwa. Kun ga kayan aikina: kwando, 'yar wuƙa, da takarda. Ban da leda, don Allah. A cikin leda gumi take yi ta dagargaje, kafin ka kai gida ba ka iya tantance wacce ce wacce.

Bari mu fara share wasu maganganu da ake yi. An ce wai in ka dafa ta da cokalin azurfa bai yi baƙi ba, to ba dafi. Ƙarya ce. An ce in ka ga tsutsa ko dodon koɗi ya ci, kai ma ka ci. Hanjinka da na dodon koɗi ɗaya ne? Wasu kuma sun ce mai dafi ɗaci gare ta, ko launinta ja ne mai ban tsoro. Ai waɗanda suka ci mafi muni daga ciki suka rayu, cewa suka yi daɗi gare ta. Babu wani gwaji guda da ke raba mai dafi da marar dafi. Wadda ka sani da sunanta da kamanninta duka, ita kaɗai za ka ci.

To, matso da kyamarar nan kusa. Kun ga wannan fara tas ɗin a gindin bishiya? Ba zan yanke ta daga sama ba. Wuƙa zan zura cikin ƙasa, nesa kaɗan da karan, in ɗago ta gaba ɗaya. Yauwa. Ku dubi ƙasan karan. Kun ga 'yar jakar nan da karan ya fito daga cikinta, kamar ɓawon ƙwai da aka fasa? Ku dawo sama kaɗan, ga wani zobe mai laushi ya zagaye karan kamar siket. Yanzu in kifa hular: siraran fallayen nan na ƙarƙashi, masu kama da shafukan littafi, farare ne fat. Jaka a gindi, zobe a kara, farin ƙarƙashi. In ukun nan suka haɗu, ajiye ta ka yi gaba, dangin Amanita ce. A cikin dangin nan ne ake da Amanita phalloides, wadda ita ce sanadin mafi yawan mace-macen da laimar kwaɗi ke jawowa a duniya. Rabin hula ɗaya ya isa ya kashe babban mutum.

Abin da ya sa nake nanata tono ke nan: jakar a binne take. Lokacin da nake koyo na taɓa cika kwando, duk na yanke su daidai fuskar ƙasa, ina ta murna. Wanda ke koya mini ya leƙa sau ɗaya, ya juye kwandon a rami. Ya ce na baro shaidar a ƙasa, shi kuwa ba ya cin abin da ba shaida. Na ji haushi ranar, ba zan ɓoye muku ba.

Kuma kada sabo ya ruɗe ka. Akwai wata da ake nomawa a kan bambaron shinkafa a kudu maso gabashin Asiya, Volvariella, ita ma da jakarta a gindi, ana cin ta lafiya lau. Mutanen yankin da suka koma Amurka da Ostireliya sun sha tsintar phalloides suna zaton ta gida ce, suka ƙare a asibiti. Sanin da ka yi wa dajin wani wuri ba ya bin ka zuwa wani. Manhajar waya mai gane hoto ma haka, ba ta ganin abin da ke cikin ƙasa.

Ta yaya za a raba phalloides da Volvariella? Nan takarda ke shigowa. A ƙarƙashin hula ne iri ke zuba, gari ne mai laushi wanda ido ba ya ganin ƙwayarsa ɗaya. Ka cire karan, ka kifa hular a kan takarda, rabi fara rabi baƙa, ka rufe da kofi ta kwana. Da safe za ka tarar da zane kamar wanda aka buga da hatimi. Na phalloides fari ne, na Volvariella ruwan hoda. Akwai kuma wata babba mai kyan gani da ke fitowa a filin ciyawa, sau da yawa a jere kamar da'ira, Chlorophyllum molybdites. Garinta kore-kore ne. Ba ta cika kisa ba, amma aman da za ka yi sai ka raina kanka.

Yanzu ku ba ni kunnuwanku sosai. Dafin Amanita phalloides ba ya mutuwa da wuta. Tafasawa, suya, shanya, sakawa a firji, duk a banza. Kuma ba ya nuna kansa da wuri. Mutum zai ci ya yi awa 6 zuwa 24 garau, sannan amai da gudawa da murɗar ciki su taso. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai su lafa, a ce ai ya warke. A daidai lokacin ne dafin ke cin hanta, sai ka ga ido ya yi rawaya. Wata ma, Cortinarius orellanus, ƙoda take kamawa, tana iya yin mako biyu kafin a ga alama. Saboda haka in ciwo ya zo a makare bayan cin laimar kwaɗi, asibiti kai tsaye, da duk wanda aka ci tare da shi, ko da yana jin kansa lafiya. A tafi da ragowar, ɗanya ko dafaffiya.

Wadda masani ya riƙe a hannunsa ya tabbatar maka kuwa, ka dafa ta sosai, ka ci kaɗan a karon farko, nau'i ɗaya tak, ka ajiye guda ɗanya a gefe. Kada ka tsinta a bakin titi ko inda aka yi feshi, tana zuƙar gubar ƙasa. 'Yan ƙananan da ba su buɗe ba a bar su, kamanninsu bai fito ba tukuna.

Bari in kifa hular wannan da muka tono. Miƙo mini kofin can. Gobe da safe za mu ɗaga mu ga launin da ta bari, ni kuma bari in wanke hannu da wuƙar nan.