Damuwar da ta ƙi ƙarewa: me take yi wa jikinka?

Jama'a, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka.

Kana tsallaka titi a Kwangila da ke Zariya, sai tirela ta danna maka hon daf da kunne. Kafin ka ankara ka riga ka yi tsalle gefe. Gaba na dukan uku-uku, tafin hannu ya jiƙe, baki ya bushe. Wasu 'yan tsoka biyu da ke zaune a saman ƙodojinka ne suka yi wannan aiki. Sun zuba sinadarin adirenalin cikin jini, zuciya ta ƙara gudu. Wani sinadarin mai suna kotisol ya biyo baya, ya sa hanta ta saki suga domin ka samu ƙarfin gudu, ya kuma dakatar da abin da ba na gaggawa ba, irin su narkar da abinci. Da tirela ta wuce, jiki zai lafa.

To amma jiki bai san bambancin tirela da bashi ba. Magidanci a Tudun Wada da mai gida ya dame shi da zancen haya, ɗalibar da ke Samaru ga jarrabawa ga kuɗin rajista, mai shago a kasuwar Sabon Gari da kullum ya je sari sai ya tarar kaya sun tashi: sinadaran nan dai su ne ke zuba a jikinsu. Sai dai nasu ba ya wucewa. Kamar janareta ne da aka bari a kunne dare da rana, ba kashewa, ba canjin mai.

Tun a 1936 wani likita mai suna Hans Selye ya ga haka a Montreal ta ƙasar Kanada. Ya riƙa wahalar da ɓeraye da sanyi, da rauni, da gudun dole. Ko wace irin wahala ce, sakamakon ɗaya ne: tsokar saman ƙoda ta kumbura, sassan garkuwar jiki sun motse, ciki ya yi gyambo.

A jikin ɗan Adam, zuciya ce ta fi shan wuya. Jijiyoyin jini suna matsewa, jini ya hau, kuma hawan jini ba ya sallama. Mutum na iya yin shekaru da shi yana harkokinsa, sai ranar da aka ce ya yanke jiki ya faɗi a masallaci, ɓarin jiki ya shanye. Wani babban bincike mai suna INTERHEART, da aka yi a ƙasashe 52 aka wallafa a 2004, ya nuna masu damuwar da ba ta yankewa a gida ko wurin aiki, haɗarin bugun zuciya a gare su ya kai kusan ninki biyu.

Mai ciwon suga zai ga awonsa na hawa ko da bai saɓa dokar abinci ba. Barci ya gagara, ƙarfe biyun dare kana kallon silin kana lissafi. Mura ta ƙi rabuwa da kai. Ga ciwon kai, ga mantuwa, ga faɗa da iyali kan abin da bai taka kara ya karya ba.

Olsa kuwa, a gyara fahimtar da ake yi cewa damuwa ce ke kawo ta. Yawancinta wata ƙwayar cuta ce ke kawo ta, ko yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen. Damuwa tana dai ƙara mata zafi.

Mu a nan, da an ga mutum ya rame sai a ce, "Malam, ka rage tunani, ka bar wa Allah." Magana ce mai kyau, amma a ganina ba ta isa ita kaɗai ba. A haɗa da awon jini, ko a kemis ɗin unguwa ne. Idan ya yi ta nuna 140 bisa 90 ko sama, a ga likita. A riƙa tafiyar ƙasa da ɗan sauri: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar, bayan asuba ko da la'asar. A ajiye waya kafin a kwanta, a rage goro da shayi da dare. A samu aminin da za a amayar wa abin da ke ciki.

Tiramol da kodin ba magani ba ne, bashi ne a kan bashi. Tun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin.

Idan baƙin ciki ya wuce mako biyu ba sauƙi, ko ka fara jin gara mutuwa, akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kuma zuwa can ba hauka ba ne. In kuwa ƙirji ya riƙe, ko baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. A tare Keke Napep ko mota a nufi asibiti nan take.