Fodkas: Aisin da za ta jure wa gona

Ummi: Assalamu alaikum masu sauraro. Yau muna Kura, ƙarƙashin darbejiya a bakin kanal. In kun ji ƙarar injin ban-ruwa, ku yi mana haƙuri. Kawu, kai ka zaɓi maganar yau, wato aisi (IC), ƙaramin guntun lantarkin nan da ake ɗorawa kan allon na'ura, musamman wadda ke kai bayanai daga wata na'ura zuwa wata.

Kawu: Ni na zaɓa, 'yata, don abin ya taɓa ci min tuwo a ƙwarya. Bara na haɗa wa wani manomi allon da zai riƙa auna danshin ƙasa yana kunna famfon sola. Na ga an rubuta gudun megabit 480 a daƙiƙa a takardar FT232H, wata aisin USB ta kamfanin FTDI, sai na ce shi ke nan. A shago, da gajeriyar waya, lafiya lau. Da muka je gona na haɗa waya da waya har mita 12. Famfo na tashi, bayanai na ɗaukewa.

Ummi: Ai USB 2.0 mita 5 aka tsara masa. Kuma nawa ne bayanan da mai auna danshi ke aikawa?

Kawu: 'Yan lambobi ne a minti guda.

Ummi: Ka ga ko bit 9600 a daƙiƙa ya yi musu yawa. Matsalarka nisa ce da hayaniyar lantarkin inbata. Aikin RS-485 ke nan, wata hanyar aika bayanai ta waya mai nisa. Waya biyu ce a murɗe kamar igiyar guga, mai karɓa yana duba bambancin da ke tsakaninsu ne kawai. In hayaniya ta zo, duka biyun take duka daidai, bambancin yana nan yadda yake. In ka rage gudu, sai ta kai mita 1200.

Kawu: Ita na koma wa. Na sa MAX485, aisin RS-485, na sa rezista mai om 120 a kowane ƙarshe. Abin da ya fi min daɗi, inbatar ma tana jin Modbus, yaren na'urori da kamfanin Modicon ya fitar tun 1979. Waya ɗaya ta ɗauki kowa.

Ummi: Sai dai mai ESP32, ƙwaƙwalwar allon nan mai bolt 3.3, ya lura, MAX485 ta bolt 5 ce. MAX3485 ce ta 3.3.

Kawu: To ina masu gudun suke da amfani? Kada a ce mun kushe su.

Ummi: Inda bayanai ke kwarara ba tsayawa, kamar kyamarar da ke tantance tsakuwa cikin shinkafa. FT232H na iya kai megabayit 40 a daƙiƙa, FT601 kuma USB 3.0 ce mai gigabit 5. Amma ba a ɗora su kan allon da aka yi wa soda da hannu yadda aka ga dama. Layukan USB biyun nan sai sun zo tsayi ɗaya, a om 90. Wanda loda manhaja kawai zai yi, CH340 mai araha ta ishe shi.

Kawu: A kula da jabu kuma. A 2014 FTDI ta fitar da direban Windows da ya hana jabun FT232R aiki, mutane da yawa ba su ma san jabu suka saya ba.

Ummi: Ni zafi ne ya fi damuna, Kawu. Taɓa akwatin ƙarfen nan a watan Afrilu da azahar ka ji. MAX485 mai harafin C iyakarta digiri 70, mai E kuwa 85.

Kawu: Ga damina da tsawa. Doguwar waya a fili kamar eriya take, aradu ko daga nesa ta faɗi sai ta shigo ta cikinta. Yanzu ADM2587E nake sawa, wadda ke raba lantarkin allo da na waya. Da tsada, amma ta fi min sauƙi a kan hawa babur zuwa gona cikin taɓo don canza allon da ya ƙone.

Ummi: Wancan akwatin da ke jikin turke, ita ce a ciki?

Kawu: Ita ce. Kashe rikodar ki miƙo min sukundireba in buɗe miki.